Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin kamfanoni a ƙasashe masu tasowa: rahoton ɗorewar nan naku, wa kuke rubuta wa?

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Wasiƙar nan taku ce ku manyan daraktoci da shugabannin bod na kamfanonin da ke kasuwannin hannun jari a ƙasashe masu tasowa, na Legas da Nairobi da Johannesburg da Mumbai da Jakarta da Sao Paulo da sauransu. Na san da yawanku ba sa jin Hausa, to waɗanda ke ji don Allah su isar wa sauran. Ni dai ƙaramin mai hannun jari ne, aikina lissafi, kuma ina cikin mutanen nan ƙalilan da idan kun fitar da rahoton ɗorewa na shekara, wato rahoton tasirin kamfani a kan muhalli da ma'aikata da al'umma, suke zama su karanta shi har ƙarshe, saboda haka ina ga ina da 'yar ta cewa.

Rahotannin naku suna da kyau wallahi, ba a magana. Takarda mai sheƙi, shafi fiye da ɗari, hoton shugaban kamfani ya durƙusa yana dasa bishiya da sabon shebur wanda ko ƙasa bai taɓa taɓawa ba, sai yara 'yan makaranta suna murmushi da sabbin jakunkuna, sai tambarin muradun ci gaba 17 ɗin nan na Majalisar Ɗinkin Duniya an jera su da launukansu a kowane shafi. Mutum zai ta juya shafi yana neman abu ɗaya, lita nawa ta dizal kuka ƙona bana, ruwa nawa kuka ja daga ƙasa, nawa kuka zubar kuma ina kuka zubar da shi, ma'aikata nawa suka ji rauni, sai can ƙarshen ƙarshe ka ga ɗan teburi da ƙananan rubutu, wani layin ma an sa gajeren zane an wuce, wani kuma lambar bara ce aka maimaita ba ko canjin ɗigo. Yallaɓai wannan fa ƙasidar talla ce aka sa mata sunan rahoto.

Da can kuna iya yin haka ku sha, don GRI, tsarin rubuta irin wannan rahoto da aka kafa tun 1997, na ganin dama ne, kamfani shi ke zaɓar abin da zai faɗa. Yanzu kam zance ya canza. An kafa ISSB, hukumar tsara ma'aunan rahoton ɗorewa ta duniya, a taron yanayi na Glasgow a 2021, ta fitar da ma'aunanta biyu, IFRS S1 da IFRS S2, a watan Yunin 2023, kuma abin da suke nema shi ne bayanan ɗorewa su fito tare da bayanan kuɗi, kamfani ɗaya, shekara ɗaya, lokaci ɗaya. Najeriya tun a taron Sharm el-Sheikh na 2022 ta ce tana sahun farko, hukumarta mai kula da rahoton kuɗi, FRC, kuma ta tsara cewa daga 2024 zuwa 2027 na son rai ne, daga 2028 ya zama dole ga manyan kamfanonin da jama'a ke da ruwa da tsaki a cikinsu, ƙanana su biyo baya a 2030. Turkiyya ta fara nata daga 2024. Indiya ma ba ta jira kowa ba, hukumarta mai kula da kasuwar hannun jari, SEBI, ta wajabta nata rahoton ɗorewar mai suna BRSR a kan manyan kamfanoni 1,000 tun daga shekarar kuɗi ta 2022 zuwa 2023. Kasuwannin hannun jarin Shanghai da Shenzhen da Beijing sun fitar da nasu ƙa'idojin a 2024. Duk wannan kun san shi, lauyoyinku sun gaya muku. Abin da ke damuna shi ne yadda na ga kuna shirin tarbar sa, wato a ƙara wa kwansultan kuɗi a ƙara wa rahoto shafuka.

Bari in faɗi yadda ake haɗa rahoton a ciki, don na taɓa zama kusa da masu haɗa shi a wani kamfani da ba zan ambata ba. Ana saura 'yan makonni a rufe, sai ofishin hulɗa da jama'a ya tura imel zuwa masana'anta, a aiko da adadin man da aka sha da wutar da aka ja. Manajan can yana fama da injin da ya tsaya, ba shi da lokacin wannan, sai ya miƙa wa wani yaro a sito, yaron ya tattaro rasitan sayen dizal ya haɗa su, ba wanda ya tambaye shi nawa ya rage a tanki, nawa janareta ya sha, nawa motoci suka sha, nawa kuma ya bi ta bayan katanga. Ruwa kuwa rijiyar burtsatse ce ba ta da mita sam, sai a ƙiyasta da ka. Wannan lambar ita za ta tafi wurin kwansultan ya ninka ta da wani ma'auni ya fitar da tan kaza na hayaƙin kabon har da ɗigo biyu bayan lamba, abin gwanin ban sha'awa, kai ka ce da sikelin gwal aka auna. Injiniyan da ya fi kowa sanin inda mai ke zurarewa bai taɓa ganin rahoton ba, ba a ma gaya masa an fitar ba.

To a nan ne asarar take, kuma ita ce dalilin wasiƙar nan. Kuna kashe kuɗin rahoto amma kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu, saboda amfanin auna abu shi ne wanda zai iya gyara shi ya gani. Duk wata sabuwar dabara ta masana'anta da na sani daga lamba ta fara, lambar da ta ba wani haushi. A sa mita a kowane layin aiki, a ga cewa layi na biyu yana shan wuta fiye da na ɗaya alhali kaya iri ɗaya suke fitarwa, nan take injiniya zai fara bincike, ya gano bututun iska ne ke yoyo, ko motar injin ta yi wa aikin girma, ko tururi ne ke tashi a banza daga bututun da rigarsa ta yage shekara da shekaru. Ba wani abin a zo a gani ba ne, babu wanda zai ba ka lambar yabo a Landan a kansa, amma nan kuɗin yake. Michael Porter na Harvard tun farkon shekarun 1990 yake cewa gurɓata muhalli sau da yawa alama ce ta kayan da aka saya da kuɗi ake zubarwa, kuma doka mai kyau tana iya tura kamfani ya ƙirƙiro hanyar da ta fi. Masana suna ta jayayya a kan ko kullum hakan ke faruwa, ni ma ban ce kullum ba, amma a masana'antar da ke tada janareta dare da rana saboda wutar gwamnati ba tabbas, maganarsa ta fi zama daidai fiye da a ƙasarsa ma.

Ku dubi Tiruppur a kudancin Indiya, garin ɗinka rigunan auduga da ake fitarwa Turai da Amurka. Rinin auduga yana cin gishiri sosai, shekara da shekaru marina suna sakin ruwan rini mai gishiri cikin kogin Noyyal har gonakin da ke ƙasa suka lalace, manoma suka kai ƙara. A farkon 2011 babbar kotun Madras ta ba da umarnin rufe marinai da wuraren wanke yadi kusan 700 sai sun daina sakin ko ɗigo. Garin ya ji jiki, mutane da yawa sun rasa aiki, wasu masu marina ma sun kwashe sun koma wasu jihohin. Amma waɗanda suka tsaya sai suka haɗa kai suka gyara matatun ruwa na haɗin gwiwa, ana tura ruwan ta cikin matata mai matsi a dawo da mafi yawansa marina, ruwan gishirin da ya rage shi ma a sake rini da shi. Tsada ta ƙaru, gaskiya ne, wuta suke ci ba kaɗan ba, amma yau idan mai saye daga Turai ya tambayi ruwa nawa aka sha wajen rina kilo ɗaya na yadi suna da amsa a hannu. Abin da nake so ku lura da shi, kotu ce ta tilasta musu auna ruwansu bayan an riga an yi ɓarna. Ku kuma ga rahoto yana ba ku damar ku auna da kanku tun alƙali bai kira ku ba.

Masu siminti kuwa ku ne ma ya kamata ku fi kowa son wannan lissafin. Siminti shi kaɗai yana fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya, kuma fiye da rabin wannan ba daga man da ake ƙonawa yake fitowa ba, daga dutsen farar ƙasar ne kansa idan aka gasa shi a tanderu mai zafin digiri 1,450 don a sami kilinka, gasasshen dutsen nan da ake niƙawa ya zama siminti. Wato ko da sola za ka kunna masana'antar gaba ɗaya dutsen sai ya saki nasa. Wanda ya rarraba lambarsa da kyau shi zai ga haka, ya gane cewa mafita ita ce a rage kilinka a buhu. Daga nan simintin LC3 ya fito, wanda masu bincike na jami'ar EPFL a Siwizalan suka yi aiki a kansa tare da takwarorinsu na Kuba da Indiya: kilinka kusan rabi, sauran gasasshen yumɓu da garin farar ƙasa da ɗan jifsam, yumɓun kuma zafin digiri 800 ya ishe shi. Hayaƙi yana iya raguwa har kusan kashi 40 cikin 100. Kamfanin Argos a Kolombiya ya fara gasa yumɓu a babban mataki, a Tema ta Ghana ma an gina irin wannan masana'antar, kuma Ghana dalilinta ya wuce na muhalli, ƙasa ce da ke sayo kilinka daga waje da dala, yumɓu kuwa yana ƙarƙashin ƙafarta. Irin wannan ƙirƙirar nake nufi, wadda ta dace da aljihunmu da ƙasarmu, kuma ba ofishin hulɗa da jama'a ne zai gano ta ba.

Na san abin da wasunku za su ce, don na ji shi a tarukan masu hannun jari. Wai mu me muka ɓata, Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba, su da suka shekara fiye da ɗari suna ƙona kwal suka yi arziki yanzu sun zo suna rubuta mana fom. Wallahi akwai gaskiya a ciki, ni ma abin yana ci mini rai, balle da aka ga Tarayyar Turai da kanta a 2025 ta fara sassauta dokarta ta rahoton ɗorewa, CSRD, saboda kamfanoninta sun yi kuka da nauyin takardu. Amma haushi ba ya hana kwastan karɓar kuɗi. Tsarin CBAM na Turai, wato kuɗin kabon da ake caja a kan kayan da ke shiga can daga waje, ya fara da matakin ba da rahoto tun Oktoban 2023, matakin biya kuma daga 2026, a kan siminti da ƙarfe da alminiyam da takin zamani da wutar lantarki da haidirojin. Mai ƙarfe a Indiya ko Turkiyya, mai taki a Masar, mai alminiyam a Mozambik, idan ba shi da lambarsa ta gaskiya da aka tantance sai a yi masa lissafi da ƙiyasin da su suka tsara, kuma ba a tsara shi don ya yi maka daɗi ba. To ka ga wanda bai sa mita ba shi zai biya kuɗin rashin mitar.

Sannan wannan maganar cewa abin duk na Turawa ne, ba haka take ba. Afirka ta Kudu da rahoton King III na 2009 kan yadda ake tafiyar da kamfanoni ta riga kusan kowa, kasuwar Johannesburg tun 2010 take neman kamfanoni su haɗe bayanin kuɗi da na muhalli da na al'umma a rahoto ɗaya ko su faɗi dalilin da ya hana. Indiya kuma da ta zo nata sai ta sa tambayoyin da suka dame ta ita, kashi nawa na albashi ke zuwa hannun mata, ayyuka nawa aka samar a ƙananan garuruwa, kwana nawa kamfani ke ɗauka kafin ya biya masu kawo masa kaya. Wannan ta ƙarshen ta burge ni ƙwarai, don babban kamfanin da ke riƙe kuɗin ƙaramin ɗan kwangila wata da watanni har ya durƙushe, ya zo yana ba mu labarin bishiyoyin da ya dasa, haba. Ku ma kuna da bakin magana a wurin hukumominku, ku nemi a sa abin da ya shafi ƙasashenku, awa nawa aka yi a kan janareta, ma'aikata nawa ne na wucin gadi da aka ɗauko ta hannun 'yan kwangila, kuma idan ɗayansu ya mutu a bakin aiki yana shiga lissafinku ko kuwa sai a ce ai ba ma'aikacinmu ba ne.

Kar kuma ku ɗauka rahoton ƙarya abu ne mai arha. Kamfanin Vale na Brazil yana fitar da rahoton ɗorewa duk shekara, yana da takardar shaidar cewa madatsar lakar ma'adinansa ta Brumadinho lafiya lau take, kamfanin TÜV SÜD ya sa hannu a 2018. Ranar 25 ga Janairun 2019 madatsar ta ɓalle da tsakar rana, da yawa daga ma'aikatan suna ɗakin cin abinci a ƙasanta, mutum 270 suka rasu. Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jarin Amurka ta kai kamfanin ƙara a 2022 kan cewa ya yaudari masu zuba jari a bayanansa na ɗorewa, a 2023 ya amince ya biya dala miliyan 55.9, wannan ma ɗan ƙaramin abu ne a kan diyyar da ya biya a Brazil, rayukan kuma ba su dawowa. Volkswagen ma a Satumbar 2015 an ayyana shi gwarzon kamfanonin mota a ma'aunin ɗorewa na Dow Jones, 'yan kwanaki kaɗan asirin manhajar maguɗin hayaƙi ya tonu, motoci kusan miliyan 11. Yanzu ma abin ya fi da wuyar ɓoyewa, tauraron ɗan adam yana hango wutar gas da ake ƙonawa a rijiyoyin mai da iskar methane da ke tsiyaya, ɗan jarida da kwamfutarsa zai iya ɗora abin da kuka rubuta a kan abin da aka hango daga sama.

Akwai kuma wani abu da nake roƙonku a kansa tun bai yi nisa ba. Ma'aunin S2 yana neman hayaƙin da ake kira Scope 3, wato na masu kawo muku kaya da masu amfani da kayanku, an dai ba ku sassaucin shekarar farko. Na san abin da zai faru, za ku ɗauki fom mai shafi ashirin da Turanci ku tura wa mai motocin dako guda biyar da mai ƙaramar masana'antar kwali, ku ce ya cike ko a soke kwangila. Mutumin nan ba shi da akanta na dindindin ma balle masanin kabon, zai biya wani ya cike masa da ka, ku kuma ku tara ƙaryar mutum ɗari ku kira ta data. Haka ake fama yanzu da dokar Turai ta hana sare daji, wadda ke neman a nuna taswirar ainihin gonar da koko ko kofi ko manja ko roba suka fito, a tabbatar ba a sare daji a wurin ba bayan 31 ga Disambar 2020, nauyin yana ta gangarowa kan ƙaramin manomi a Kodebuwa da Ghana da Habasha da Indonesiya. Idan kuna son lambar ƙaramin ɗan kasuwa to ku biya kuɗin samo ta, ku saya masa mitar, ku tura masa injiniyanku na kwana biyu, ku rage fom ɗin ya koma tambaya biyar da zai iya amsawa daga rasitansa. Shi ma idan ya ga inda mansa ke tafiya zai gyara, kuma sauƙin farashin a wurinku zai ƙare.

Abin da nake nema a rahoton baɗi ba shi da yawa. Ku cire aikin daga hannun masu talla ku ɗora shi a wuyan daraktan kuɗi da babban injiniya, su biyun su sa hannu, odita na waje ya bi lambobin har bakin mita kamar yadda yake bin kuɗi har banki. Ku ba mu lambar shekara uku a jere a kan kowane tan na kayan da kuka sarrafa, don jimilla kaɗai tana ruɗi, kamfanin da kasuwa ta yi wa kwantai ma hayaƙinsa raguwa yake. Inda lamba ta yi muni ku rubuta ta yi muni ku faɗi dalili, inda ƙiyasi ne ku ce ƙiyasi ne, ba wanda zai sayar da hannun jarinsa don an gaya masa gaskiya a kan rijiyar da ba ta da mita, mu dai a ce mana yaushe za a sa. Alkawarin nan na daina fitar da hayaƙi nan da 2050 ko 2060 kuma, ranku ya daɗe, yawancinku kun yi ritaya kafin lokacin, ku gaya mana na shekara uku masu zuwa da kuɗin da aka ware masa a kasafi. Sannan shafi ɗaya tak nake so a ƙara, a rubuta abin da aka canza a masana'anta bana saboda lambar bara, wane inji, wace dabara aka gwada, nawa ta ci, ta yi aiki ko ba ta yi ba, har wadda ta faɗi ƙasa a rubuta, da sashen da ya kawo shawarar. Hotunan dashen bishiya kuma ku bar su a Facebook.

Idan Allah ya kai mu babban taron shekara zan ɗaga hannu in tambayi wannan shafin, ina fata ciyaman zai ba ni makirfo.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Wani ƙaramin mai hannun jari